Yankan Isaka

A shekarar da kogi ya daina tafiya, mutanen unguwar Gudel ta Yamai suna tsallake shi da takalmansu a ƙafa. Kwale-kwale na kife a kan yashi, masu lambu sun haƙa ramuka a tsakiyar gulbi suna kwalfar ruwa da ƙwarya. A wannan shekarar ce, wata Asabar ta watan Yuni, saniyar Halidu ta kwanta a tsakar gidan Isaka ta ƙi tashi.

Isaka masinja ne a wani ofis na unguwar Filato, abin da a Yamai ake ce wa falanto. Mutumin Arewa ne, daga wani ƙauye kusa da Dogon Dutsi. Shekara ashirin da suka wuce ya kwanta a asibitin mishan da gyambo a ƙafa, ya fito da ƙafarsa lafiya da kuma Littafi a aljihu. Tun daga nan shi Kirista ne. Bai sake suna ba. A unguwa abin bai dami kowa ba, domin ya san iyakarsa: ko kaza bai taɓa sa wa wuƙa ba. Duk Nowel, wato Kirsimeti, maƙwabcinsa Malam Sumana yake kira ya yanka masa rago, naman ya shiga gida goma sha ɗaya, kwanonin su dawo a wanke.

Halidu mijin ƙanwarsa Habsatu ne. Sun baro ƙauye da shanu tara da yara huɗu. Sun iso Yamai da saniya ɗaya da yara uku, ƙaramarsu tana goye. Wata biyu ke nan gidan na cin jar dawar taimako sau ɗaya a rana. Isaka da Halidu a kwano ɗaya suke ci. Yaran sun daina wasa, gashinsu ya yi ja, nonon Habsatu kuma ya ɗauke tun farkon mako.

Daren jiya rediyo ya karanta sanarwar gwamnatin soja: kowane Musulmi ya fita roƙon ruwa. Da hantsi motocin soja suka zagaya suna kwasar mutane zuwa filin idi. Halidu ya tafi, Malam Sumana ya tafi, har tsofaffin da ke zama a gindin itacen bedi an tallafa musu sun hau. Matar Isaka tana layin dawa tun asuba. Namiji baligi ɗaya ya rage a layin gidajen.

Habsatu ce ta fara gani. Ta tsuguna ta ɗaga fatar idon saniyar, ta sake.

"Yaya, ba za ta kai azahar ba."

Isaka ya fita. Ya buga ƙofa shida, mata ne suka amsa. Ya gangara bakin kogi ko zai ga wani masunci, babu kowa sai jakuna biyu a inuwar kwale-kwale. Da ya dawo, saniyar ta miƙe wuya a ƙasa, numfashinta na fita da ƙara. Idan ta mutu da kanta ta zama mushe, sai a ja ta bayan gari. Idan shi ya yanka, a wurin mutanen gidan duk ɗaya ne.

"Ke ki yanka," in ji shi. "Zan riƙe miki."

"Mace? A ina ka taɓa gani? Halidu ko kallon naman ba zai yi ba." Ta gyara goyonta. Jaririyar ba ta kuka, kwana biyu ke nan ba ta yi ba. "Yaya, ka san kalmar. A tabarma ɗaya Baba ya koya mana. Ka yi shahada yanzu, ka yanka. Gobe Lahadi ka koma majami'arku. Ba mai ji sai ni da saniya."

"Ni zan ji."

"To ka ji mana! Kunnenka zai faɗi ne?"

Ya shiga ɗaki ya ɗauko wuƙar da yake ajiye wa Malam Sumana, ya zauna yana wasa ta a dutse. Kalmar tana nan a bakinsa, ba ta je ko'ina ba, ko harafi ɗaya bai manta ba. Ya duba cikin ransa ko zai sami tsoro, ko fushi, ko irin zafin da fasto ke magana a kai. Bai sami komai ba. Abin da ya sani kawai shi ne bakinsa ba zai buɗe a kan wannan ba, kamar yadda hannu ba ya shiga wuta ko an roƙe shi.

"Shekara ashirin kana kiran wani ya yanka maka don mutane su ci," in ji Habsatu. "Yau 'ya'yana ne, ka rasa dabara?"

"Kama ƙahon," in ji Isaka. "Juya ta gabas."

Saniyar ba ta buƙaci igiya ba. Ya ce, "Da sunan Allah," da Hausa, a fili. Sauran addu'ar, irin ta Kiristoci, a zuciya ya faɗa. Jinin ya fito kaɗan, baƙi, ƙasa ta shanye shi nan take. Yaran biyu suna zaune a bakin ƙofa suna kallo, ba wanda ya motsa.

Bayan azahar mazan suka dawo. Halidu ya shigo rigarsa a juye, ɗinki a waje, yadda ake yi a sallar roƙon ruwa. Ya tsaya a kan saniyar. Ya daɗe yana kallonta. Ita ce ta farko da mahaifinsa ya ba shi.

"Wa ya yanka?"

"Wani baƙo ne," in ji Habsatu da sauri. "Wani Buzu da ke wucewa, muka…"

"Ni ne," in ji Isaka.

Habsatu ta juya baya ta shiga ɗaki.

"Ka yi bisimilla?"

"Na ambaci sunan Allah."

"Ka dawo ke nan, Yaya Isaka?"

"A'a. Ina inda nake."

Halidu ya gyaɗa kai kamar an gaya masa farashin gero. "Da a cikin Kiristanci aka haife ka, da na tambayi malamai, wataƙila da sauƙi. Amma kai fita ka yi." Ya miƙa hannu. "Ba ni wuƙar. Fiɗa ba ci ba ne."

Su biyu suka feɗe ta. Naman bai kai na tunkiya biyu ba, babu kitse ko na shafa wa leɓe. Matar Isaka ta dawo da mudun dawarta, ta duba, ta ɗora tukunya. Ƙamshin ya tsallake katanga. Tun babbar salla ba a ji irinsa a layin ba.

Da romon ya nuna, Halidu ya kira yaransa biyu ya zaunar da su.

"Waɗannan ba a fara rubuta musu zunubi ba," in ji shi, ba tare da ya kalli kowa ba. "Su ci."

Suka ci a hankali, kamar masu koyo. Kafin la'asar maganar ta zagaya unguwa. Matar Malam Sumana ce ta fara leƙowa da kwano a ƙarƙashin mayafi, ta gaisa da Zabarmanci, sannan ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Na yara ne, Isaka. Yara kawai." Bayanta wasu suka biyo. Isaka ya zuba wa kowa. Bai ƙirga gidajen ba, kuma babu wanda ya haɗa ido da shi.

Habsatu ba ta fito ba. Halidu ya ɗebi romo a ƙaramar ƙwarya, ya tsinka hanta a ciki, ya je bakin ƙofar ɗakin ya tsuguna.

"Karɓi."

"Kai ka ci ne?"

"Ba naki ba ne. Na jaririyar ne. Ta bakinki zai bi kawai."

Sai hannu ya fito daga bayan labule ya karɓa.

Da rana ta yi sanyi aka shimfiɗa wa maza tabarma inda aka saba. Matar Isaka ta kawo kwano biyu, ɗaya da nama, ɗaya da jar dawa zalla. Ta tsaya da su a hannu na ɗan lokaci, sannan ta ajiye kowanne gaban mai shi. Halidu ya wanke hannu ya miƙa wa Isaka butar. Ya yi bisimilla. Isaka ya sunkuyar da kai ya yi tasa addu'ar.

Naman yana da tauri, ba ya da ɗanɗanon komai. Isaka ya tauna. A sama babu ko ɗigon gajimare.

"Rigarka har yanzu a juye take," in ji shi.

Halidu ya duba ƙirjinsa, ya ci gaba da cin dawarsa.

"Bar ta," in ji shi. "An ce gobe ma za a koma."