Sunan Mai Ayari

Shekara ashirin ina koyar da tarihi a Gadarif, a ƙasar Sudan. Na haddace sunayen sarakunan duniya, amma sunan mutumin da ya kafa unguwarmu ya gagare ni. Shi ne ya jagoranci kakanninmu a ƙafa daga yamma a kan hanyar Makka, ya sauke su nan, ya haƙa rijiyar farko. Kowa Mai Ayari yake ce masa.

Lajnar unguwa, wato kwamitinmu, ta yarda a sa wa sabuwar madarasa sunansa, muddin na kawo sunan yanka ranar Alhamis, ba laƙabi ba. Mutum ɗaya ta rage da ta san shi, Ummusalama, matar babban ɗansa, wadda muke kira Habboba, wato kaka.

"Kai Nu'uman, da furfurarka?" ta ce. "Sunan surukina zan kama da bakina? Don yana kabari?"

"To, Habboba, ni zan riƙa jero sunaye. In na faɗi nasa, ki sunkuyar da kai kawai."

Ta yarda. Na ce Haidar, ta sunkuya. Na zaro alƙalami.

"Wannan ɗan farina ne," ta ce.

Na ce Husain, ta sunkuya, ashe mijinta ne. Kafin la'asar ta shanye gahawa jabana biyu, ta sunkuya wa wasu sunaye bakwai, ta kuma ce bayanin ma rashin kunya ne.

Ranar Alhamis na kai wa lajna duka bakwai ɗin. Shugabanta ya duba takardar ya ce, "Ya ustaz, wanne ne a ciki?"

Da suna bai samu ba, aka koma lamba. Suka rubuta Madarasa ta Huɗu a ƙofar.