Saƙon Ɗan'azumi a Rediyon Mota

Tun ranar da Bushira ta shigo da zancen nan na san asirina ya kusa tonuwa. Autarmu ce, tana aiki a wani ofis a unguwar Plateau nan Abijan, kuma in ta kafe a kan abu sai dai a bar mata. Ta same ni a rumfarmu ta kasuwar Treichville ina cikin yankar wa wata mata atamfa, ta ce ta samo wa babanta magani. Wai akwai wani ɗan akwati da ake haɗa wa rediyon mota ta baya, igiya ta fito, a soka ta a waya, duk abin da ke cikin wayar ya fito ta lasifikan motar.

"Kin ga ke nan kin huta, Maman," in ji ta. "Papa zai ji vokal ɗin Tonton da kunnensa." Saƙon muryar ƙanen babanta take nufi.

Na ce madalla, amma sai da almakashin ya karkace a hannuna na ɓata wa baiwar Allah gefen zanenta.

Maigidana, wanda kowa a Treichville ya sani da Alhaji Kailu mai atamfa, kunnensa ya yi nauyi shekara huɗu ke nan. Likita ya ba shi abin nan na maƙalawa a kunne, ya sa shi kwana biyu ya jefa a aljihun tebur, wai kamar an zuba masa sauro a kai. Waya kuwa ko an manna masa ita, "Eh? Eh?" kawai za ka ji. Abu biyu yake ji a duniya. Na farko muryata, don shekara talatin na yi ina kiran masu saye daga wannan layi zuwa wancan. Na biyu rediyon tsohuwar Toyotarsa, in ya rufe gilasai ya ƙure murya. A nan yake jin labarai, zaune cikin mota a ƙofar gida kamar mai jiran fasinja.

To, yana da ƙane a Madawa, can Nijar, Ɗan'azumi. Shekara biyu da suka wuce Ɗan'azumi ya sare tsamiyar da mahaifinsu ya dasa a tsakar gida, wai saiwarta tana fasa katanga, kuma bai shawarci kowa ba. Alhaji ya hau, Ɗan'azumi ma ya hau, don dukansu zuciya ɗaya suka gada. Tunda ba ya jin waya, ni ce a tsakani. Saƙon murya ya zo, in saurara, in matsa kusa da kunnensa na hagu in faɗa masa. In zai mayar, in riƙe masa wayar ya yi magana.

Wallahi saƙon farko da na ji, da na isar da shi yadda yake, da zumunci ya mutu a ranar. Mutumin nan cewa ya yi wanda ke son inuwar tsamiya ya dawo gida ya zauna a ƙarƙashinta, ya daina mulki daga bakin teku. Sai na ce wa Alhaji ƙanensa yana gaishe shi, ya ce abin ya dame shi. Alhaji ya ce in riƙe waya, ya zazzaga masifa ta minti uku cur. Ni kuwa babban yatsana yana sama, bai taɓa gilashin ba, wayar ba ta ɗauki komai ba. Da la'asar na zaga bayan rumfa na aika nawa da muryata, na ce Yayansa ba ya son magana da waya, amma ya ce a gaishe da yara. Haka na yi ta yi wata bayan wata, ina rage gishiri a nan ina ƙara sukari a can, har na kai ga gaya wa kowannensu cewa ɗan'uwansa ya ba shi haƙuri.

Yanzu ga ƴata ta cikina za ta kwance mini aikin shekara biyu da igiya guda.

Ban zauna ba. Da muka koma gida na raɗa wa Alhaji, irin raɗar da maƙwabta ke ji, cewa za a cire masa rediyonsa na kamfani a sa masa wani mai fitilu kamar na gbaka, ƙananan motocin hayar nan. Ya ce sai dai in bayan ransa. Na ji daɗi. Amma Bushira ta zauna ta zana masa a takarda, ta nuna masa rediyonsa yana nan daram, ko maɓalli ɗaya ba za a canja ba, sai ya yarda. Na bi tsofaffin saƙonnin nan ɗaya bayan ɗaya na goge. Ranar Asabar da safe kuma ta karɓe wayar, wai za a gwada bakin igiya da ita. Tana hannunta na ji ƙarar shigowar saƙo. Na leƙa, sunan Ɗan'azumi ne, minti huɗu da wani abu, kuma ban ji ko kalma ɗaya a ciki ba.

Muka haye gada zuwa Adjamé, Alhaji na tuƙi, ƴan gbaka na danna masa oda yana tafiyarsa cikin natsuwa tunda ba jinsu yake ba. Sau biyu na ce wa Bushira ta ba ni wayar in duba wani abu, ta ce in bari mu isa.

A bayan unguwar 220 Logements mai gyaran yake, Ya'u, haifaffen Adjamé, magidanci mai furfura a gemu, Hausarsa rabi Faransanci. Aikin wutar mota kawai yake yi. Ya sa wani ɗan lebur na roba ya ɓamɓare murfin da ke kewaye da rediyon, ya kwance kusoshi huɗu. Alhaji ya cire hularsa ya tara, ya ce a ciki za a zuba su, kada ɗaya ta ɓata. Ya'u ya jawo rediyon waje da wayoyinsa, ya ce in dai akwai wani rami a bayansa da kamfani ya bari don akwatin faya-fayan CD, to aiki ya yi sauƙi. Na shiga addu'a a zuciyata, Allah ya sa babu. Ya juya shi, ga ramin nan fes, ko ƙura bai sha ba.

Da Alhaji ya juya yana gaisawa da wani, na sunkuya na ce wa Ya'u a hankali, ko zai yiwu abin ya ƙi shiga yau, a bari sai wani satin. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Haba Tanti, wannan ai ko ido rufe." Ƙas, ya soka. Ya cusa ɗan akwatin a bayan rediyon, ya zaro igiyar ta cikin aljihun gaban mota, ya mayar da kusoshin Alhaji ɗaya bayan ɗaya.

Aka soka igiya a waya, Bushira ta kunna wani kiɗa don gwaji. Shiru. Na ce alhamdu lillahi a fili, har ta waiwayo ta kalle ni. Ashe sai an danna maɓallin CD sau biyu, don rediyon ya ɗauka fai aka sa masa. Ya'u ya danna, kiɗa ya fashe har mai sayar da alloko, soyayyar agada, a tsallake ta ɗago kai. Alhaji ya ɗaga hannu ya ce ba a sa masa kiɗa a mota, a sa masa ƙanensa.

Ya shiga ya zauna a mazaunin direba, ya ce in shigo. Bushira ta zauna a baya, aka rufe gilasai. Zufa ta karyo mini, kuma ba ta zafin Adjamé ba ce.

Ɗan'azumi ya fara da gaisuwa irin tasu ta gida, wadda ba ta ƙarewa. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina kasuwa, ina zaman Abijan, ina ruwa, ya gaida Bushira da yayyenta kowa da sunansa. Minti guda da rabi ana abu ɗaya, ni kuwa ina fatan ya yi ta yi har saƙon ya ƙare. Sai ya yi gyaran murya.

"Yaya, Hajiya Talatu ta isar mini da saƙonka, cewa kai ne ka yi zafi, in yi haƙuri. Abin ya tsaya mini a rai. Shekarata hamsin da biyar ban taɓa jin ka ba wani haƙuri ba. Ni kuwa ko sau ɗaya ban buɗe baki na ce na yi kuskure ba, baƙar magana nake aika maka kana mayar mini da fara. To na yi kuskure, Yaya. Na dasa wata tsamiyar, nesa da katanga. Akuya ta cinye ta sau biyu, yanzu na kewaye ta da ƙaya, ta kai gwiwa. Ka zo ka gani."

Shi ke nan, a saƙo ɗaya ya tona ƙaryata ta can da ta nan. Na zuba wa hannuwana ido.

Alhaji ya yi wa Bushira alama ta maimaita. Muka sake sha tun daga ina kwana. Da ya ƙare ya goge idonsa da bakin hannun riga, ya ce muryar yaron nan ta koma ta Baba sak, yaushe ya tsufa haka. Sannan ya juyo gare ni.

"Hajiya, yaushe na ba da haƙuri?"

Ai sai tsoro ya tafi, zuciya ta zo. Na matsa kusa da kunnen hagun na ce ranar Laraba ce, bayan la'asar, a bayan rumfa, kuma da bakina aka bayar. Na ce shekara biyu ina wanke musu baki shi da ƙanensa, tsofaffi biyu suna neman raba zumunci a kan itace, kuma in yau aka mayar da ni baya haka zan sake yi. Bushira ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Ya'u a waje ya juya baya yana ta shirya kayan aikin da ya riga ya shirya.

Alhaji ya tambaya, duk masifar da ya yi ta yi ina riƙe da waya, ina ta tafi. Na ce tana nan Treichville, ko gada ba ta haye ba. Sai ya fashe da dariya har da tari, yana bugun sitiyari, ya ce ashe shekara biyu shi kaɗai yake faɗa da iska.

Ya karɓi wayar ya miƙa baya. "Bushira, ke riƙe mini. Uwarki yatsanta ba ya dannawa."

Ya gyara zaman hularsa kamar ƙanen nasa na ganinsa. Ya yi gaisuwa tasa mai tsawo, ya tambayi ruwa da gero da jikoki. Sannan ya ce, "Ɗan'azumi, an ce maka na ba ka haƙuri. To ban bayar ba, matar Yayanka ce ta ara mini baki. Amma ga shi yau da nawa bakin: ni ne babba, ni ya kamata in fara. Ka yi haƙuri. Ka ɗaure akuyar nan, ina nan zuwa bayan salla."

Ni dai idona na kan babban yatsan Bushira. Ya danna, kuma bai ɗaga ba sai da babanta ya gama.