Ruwan Inabin Mika'ilu

A shekarar da kuɗin mai ya tashi har kwanon masara ya gagari magidanci, Mika'ilu yana da abin da babu mai irinsa a ƙauyensu na ƙasar Dawakin Tofa: inabi layi takwas a lambunsa na bakin fadama, ya ɗora shi a kan rumfunan sanduna. A gonar wani Alhaji a bayan birni ya koyi renonsa, inda ya yi ƙwadago shekara bakwai. Da can masu kayan marmari daga Kano suke zuwa har bakin lambu su ɗauka. Bana babu wanda ya leƙo, kuɗin mota ya cinye musu riba. Ga inabi ya nuna baƙi wuluk, yana tsagewa a rana, tsuntsaye na shagali.

Wata safiya yana ban-ruwa ya ji wani likita a rediyo yana cewa ruwan inabi na ɗauke da sinadaran da ke taimakon jijiyoyin jini. Likitan ya faɗi wasu abubuwa bayan wannan, amma ƙarar inji ta danne su. Kashegari Mika'ilu ya fara matse inabinsa, ya tace da farin ƙyalle, ya ɗura a robobi. Ranar kasuwa ya ce yana taimakon jijiya. Kasuwar da ta biyo ya ce yana wanke ta. Kafin wata ya mutu, har ba sai ya yi talla ba.

Wansa Dabo, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ya shekara biyar yana fama da hawan jini. Kullum safiya ƙwaya ɗaya, ba fashi, sai da kuɗinta a kemis ya ninka uku. Ran nan ya same shi a ƙarƙashin rumfar inabi, ya daɗe yana jujjuya roba a hannunsa.

"Mika, tsakaninka da Allah, wannan zai tsaya min a madadin ƙwayar?"

Mika'ilu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce, "Yaya, ai likita ne ya faɗa a rediyo."

Dabo ya gyaɗa kai ya tafi da roba biyu. Tun daga nan kullum Mika'ilu ke aika masa kyauta, yana ganin ya sauke wani nauyi na zumunci.

Sati shida bayan haka, ana tsakiyar zafin bazara, Dabo ya zo taya shi jan tiyo. Rana ta take tsaka. Mika'ilu yana can ƙarshen layi ya ji ruwa na fesawa inda bai kamata ba. Da ya waiwaya sai ya ga tiyon a ƙasa, wansa tsaye yana kallon hannunsa na hagu kamar na wani.

"Yaya, lafiya?"

Dabo ya buɗe baki. Abin da ya fito ba magana ba ce. Gefen bakinsa ya zube, yawu na bin gemunsa. Kafin Mika'ilu ya ƙaraso ƙafarsa ta lanƙwashe, ya tafi luu cikin taɓo.

Mika'ilu ya taɓa ganin irin wannan ya kama wani mai gadi a gonar Alhaji, ya kuma ji ana cewa da an kai shi asibiti da wuri da ya tashi. Ya ja wansa inuwa, ya kwantar da shi a kan gefe, ya kwasa da gudu zuwa bakin masallaci inda wani direba, Gana, ke ajiye adaidaita-sahunsa.

Gana ya kwance murfin tanki ya nuna masa. "Wallahi ko bakin titi ba zai kai mu ba. Kwana uku ke nan ban tayar da shi ba."

"Turo shi lambu. Akwai mai a injina."

Suka turo shi su biyu, gumi na shiga musu ido. Mika'ilu ya kashe injin ban-ruwa, ya zura siririn tiyo ya zuƙa da baki har mai ya cika masa maƙogwaro, ya tofar, ya tara a galan. Bai kai lita biyu ba.

Yana ɗagowa ya ga Hafsatu, matar Dabo, ta iso ko takalmi babu. Ta ɗora kan mijinta a cinya, ta buɗe robar ruwan inabi tana neman ɗura masa.

"Kada ki ba shi!" Ya fizge robar ya yi jifa da ita. "Zai shaƙe."

"Maganinsa ne fa, Malam Mika! Kai ka ce yana wanke jijiya!"

Mika'ilu ya sunkuya kan wansa. Ya kama kafaɗu, Gana ya kama ƙafafu.

Hanyar duk rami ce. Gana yana kashe inji a kowace gangara don mai ya kai. Hafsatu na ta salati, Dabo na numfashi da gurnani, idonsa ɗaya a kan ƙaninsa. A daidai wata kwana injin ya yi tari sau biyu, sannan ya kama.

A asibitin gari wata ma'aikaciya mai suna Maryam ta tare su. Ta ɗaura abin awon jini a damtsen Dabo, ta duba, ta kwance ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Ta ƙwala wa likita kira, sannan ta juyo da biro a hannu.

"Yana da hawan jini dama?"

"Yana da shi," in ji Hafsatu.

"Yana shan maganinsa?"

"Kullum, Malama. Safe da yamma. Yau ma ya sha."

Malama Maryam ta sunkuya za ta rubuta. Mika'ilu ya ji ɗacin mai ya dawo masa baki. In ya yi shiru, babu wanda zai sake tambaya. Amma likita da abin da ke takardar nan zai yi aiki.

"Malama, dakata. Ba ƙwaya take nufi ba. Ruwan inabi ne. Ƙwayar ya bar ta yau sati shida."

Biron ya tsaya. "Wa ya ce ya bari?"

"Ni ke sayar da ruwan. Ya tambaye ni, ban hana shi ba."

Hafsatu ta dube shi, ta sake duban mijinta, ta ja mayafi ta rufe baki.

Malama Maryam ba ta ɗaga murya ba. "Malam, inabi abinci ne mai kyau, ba wanda ya musa. Amma wanda jininsa ya kai nan, ba a raba shi da ƙwaya. Mutum nawa ka sayar wa a kan wannan maganar?"

Sai a lokacin ya fara lissafa fuskoki. "Masu hawan jini, bakwai na sani."

"To ka bar mana wannan. Za mu yi abin da za mu iya, mu tura shi birni. Kai ka je wa bakwai ɗin yau, kada ka bari sai gobe."

Ya so ya bi motar asibiti. Hafsatu ta ce, ba tare da ta kalle shi ba, "Je ka. Ni zan bi shi."

Da la'asar ya shiga ƙauye a ƙafa daga bakin titi. Gida gida ya bi, yana sallama, yana faɗin magana ɗaya da bakinsa. Huɗu ba su bar ƙwaya ba, suka yi masa jaje. Wata tsohuwa ta zage shi tas, ta sa ɗanta ya kai ta kemis. Wani ya yi tafiya, ya bar wa iyalinsa saƙo. Malam Abdulƙadir ladan shi ne ya ƙi.

"Ni na ji daɗinsa a jikina. Ciwon yayanka ai ƙaddara ce."

"Malam, shi ma haka yake cewa har jiya."

"To ka daina sayar min mana."

"Na daina. Kuma ba zan bar ƙofar nan ba sai an auna ka."

Ya zauna a dakalin zaure. Malam ya fita ya kira magariba ya dawo ya same shi. Da asuba ma ya same shi. Da hantsi ya fito da hularsa a hannu, yana mita, ya hau bayan keken da Mika'ilu ya aro. A asibiti aka auna, aka hana shi komawa gida sai bayan kwana biyu.

Dabo ya yi kwana goma sha tara a birni. Ya dawo yana jan ƙafa, hannun hagu a naɗe a ƙirji, harshe da nauyi. Lambun ya sha ƙishi, layi uku sun bushe. Sauran Mika'ilu ya tsinke ya sayar a tire, da sunansa na inabi. Noman Dabo na daminar nan shi ya yi shi, kafin ya taɓa tasa gonar. Hafsatu ta ɗauki wata biyu tana amsa gaisuwarsa daga bayan labule, kafin ranar da ta miƙo masa ruwan sha da hannunta ta ce ya shigo, wansa na son a juya shi.