Malam Ɗayyabu Ya Nemi Gurbi

Shekara talatin da ɗaya Malam Ɗayyabu ya yi yana koyar da lissafi a wata sakandare a Tarauni. Ɗalibansa sun cika jami'o'i, amma shi karatunsa a kwalejin horon malamai ya tsaya. Ya taɓa samun gurbi a jami'a yana saurayi, sai mahaifinsa ya rasu ana saura mako uku a tafi, ya bar masa ƙanne biyar. Bai sake tayar da maganar ba. Sai dai duk ranar da adaidaita ta bi da shi ta ƙofar jami'a, yakan bi masu shiga da kallo har a wuce.

Wata Asabar da hantsi Lydia ta zo gaishe shi a gidansa na Gyaɗi-Gyaɗi. Tsohuwar ɗalibarsa ce, yanzu tana karatun injiniya a Jamus. Matarsa Kulu ta kawo mata zoɓo, suka zauna a tsakar gida.

"To, ya kika same su?" ya tambaye ta. "Mun shirya ku, ko hannu rabbana muka tura ku?"

Lydia ta yi dariya. "Malam, a lissafin takarda babu wanda ya tsere min. Amma ranar farko a ɗakin gwaji na ji kunya. 'Yan ajinmu tun suna sakandare suke taɓa na'urorin, ni kuwa a allo kawai na san su. Akwai wani ɗan Indiya da shi ma hadda ya sha kamar mu, tare muka riƙa lalube."

Ya gyaɗa kai. "A can kowa ne ke shiga jami'a?"

"A'a, da yawa sana'a suke koyo, kuma ba a raina su. Amma ba a cewa lokacin mutum ya wuce. A ajinmu akwai wani dattijo, tsohon direban jirgin ƙasa, ya ma girme ku. A gaba yake zama, ya fi kowa tambaya."

"Yaran ba sa yi masa dariya?"

"Littafinsa muke ara, Malam."

Bayan tafiyarta ya daɗe a zaune. Kulu ta ajiye masa abinci har ya huce.

Ranar Litinin da aka tashi daga makaranta, ya biya wani shagon kwamfuta a Unguwa Uku, ya ce yana son a cike masa fom ɗin karatun ƙarshen mako na jami'a. Matar da ke shagon ta jawo kujera ta ba shi.

"Sunan yaron, Baba?"

Ya cire hularsa, ya mayar. "Ɗayyabu Mu'azu."

Da ya faɗi shekarar haihuwa ta ɗago ta dube shi, sannan ta rubuta.

Kulu kaɗai ya gaya wa. Har yanzu sunayen waɗanda aka ɗauka ba su fito ba. Kowace safiya kafin ya shiga aji, yakan tsaya a baranda ya duba wayarsa, ya mayar da ita aljihu, ya ɗauki alli.