Zare Mai Ƙulli Biyu

Ranar Talata labarin ya iske Renske, tana durƙushe tana naɗe faranti cikin tsohuwar jarida. Saura kwana uku su karɓi makullin gidan da suka saya a bakin ruwa. Da aka buga ƙofa ta ɗauka mai kawo kwalaye ne. Sai ta ga shugaban jirgin ruwan da mijinta Hidde yake aiki a ciki, ya cire hula ya riƙe a hannu. Tun bai buɗe baki ba ta gane, don mutumin nan ko a coci da ƙyar yake cire hula.

Ya ce zuciya ce. Hidde yana jan igiya da safe, jirgi na gab da shiga tasha, sai ya zauna a kan wani akwati kamar mai hutawa. Bai ƙara tashi ba.

Shekara talatin da ɗaya suka yi suna haya a bayan garin Harlingen, a wani bene da ba abin da ake hangowa sai wurin ajiye motoci. Duk Lahadi sai Hidde ya ja ta su zaga cikin gari a kan keke, yana nuna mata gidajen da ke jere a gefen hanyar ruwa kamar shi ya gina su. Wanda suka samu siriri ne, tsoho, ya ɗan sunkuyo gaba kamar 'yan'uwansa. Ƙasa kicin ne kawai da wani ɗan lungu, matakala kuma a miƙe take kamar tsani. A jikin tagar sama, ta waje, akwai ɗan madubi a kan ƙarfe, irin wanda ake ganin mai tahowa a titi ba sai an leƙa ba. Ranar da suka je duba gidan, Hidde ya karkata madubin ya kalli gadar da ake bi daga tashar jirage.

Ya ce, "To 'yar tsohuwa, uzuri ya ƙare. Tun ina kan gada za ki gan ni, sai ki ɗora gahawa."

Ta ce, "Ko in sa sakata."

Bayan an binne shi, 'yarsu Marrit, wadda ke aiki a wani gari mai nisa, ta raka ta suka buɗe gidan. Marrit ta tsaya a gindin matakala tana girgiza kai.

"Mama, da wannan gwiwar taki? Ki sayar ki dawo kusa da ni. Gidan nan burin Baba ne, ba naki ba."

Renske ba ta yi musu ba, don ita ma ba ta san ko na waye ba. Abin da ta sani shi ne kabad. Hidde ne ya haɗa shi da hannunsa shekarar da suka yi aure, da katakon wani tsohon jirgi, babu ƙusa ko ɗaya, kuma ba a kwance shi. Rigunansa suna ciki har yanzu.

Ta ce, "In kabad ɗin babanki ya shiga, na zauna. In bai shiga ba, a sayar."

Ta matakala dai ba zance. Sai ta tagar sama, da igiya da ƙugiyar da ke rataye a gungumen rufi, yadda kowa yake shigar da kaya a layin. Marrit ta ɗauko tef ta auna kabad, ta zo ta buɗe taga ta auna. Ta sake aunawa. Kabad ya fi taga faɗi da yatsa huɗu.

"Kin gani ko, Mama? Ba ni na ce ba."

Abin da ya fi yi wa Renske ciwo ba gidan ba ne. Hidde, mutumin da ko labule ba ya saye sai ya auna, a ce ya sayi gida bai tuna da kabad ba.

Washegari ta koma ita kaɗai don ta kwashe 'yan kwanukan da ta riga ta kai. Ta sa rigar sanyin Hidde da aka dawo mata da ita daga jirgi. A aljihu akwai wani farin zare mai ƙulli biyu, wanda tun da ta same shi take naɗe shi a yatsa tana warwarewa. Tana zaune a dakalin ƙofa tana hakan, sai tsoho Auke na gidan kusa ya fito da karensa. Shekara arba'in ya yi yana ɗaga gada jirage su wuce, kuma ba abin da ke wuce masa a layin.

"Maƙwabciya, an ce tun ba ki shigo ba za ki gudu. Mu ne ba mu yi miki ba, ko karen?"

Ta gaya masa zancen kabad da yatsa huɗu. Ya dubi hannunta.

"Wannan zaren ai na san shi. Wa ya yi awon?"

"'Yata."

"Da tagar a jiki? Kai, 'yan boko! Zo mu hau."

Suka hau da ƙyar, shi yana haki ita tana dafa gwiwa. Auke ya zare wasu turakun katako huɗu daga gefen tagar, ya rungumo ta gaba ɗaya, da gilashinta da sandar tsakiya, ya jingine a bango. Iskar teku ta shigo da warin gishiri.

Ya ce, "Wata guda ke nan mijinki ya tsare ni a nan muka cire tagar ya auna, har abincina ya huce. Daga ƙulli zuwa ƙulli faɗin kabad ne. Miƙa ki gani."

Ta miƙa zaren daga bango zuwa bango. Ya shiga, har da ragowar yatsa ɗaya. Renske ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba a maƙabarta. Auke ya juya baya yana duba ƙugiya, kamar akwai abin dubawa.

Ranar Asabar maza huɗu na layin suka kama igiya. An naɗe kabad da bargo, yana hawa a hankali, iska na kaɗa shi saman ruwa. Wani mai kwalekwale ya tsaya kallo yana ihu, "Ku sake shi, na tare!" Auke ya ce masa, "Je ka tari kifi, malalaci!" Marrit tana sama tana jira. Kabad ya iso, ya ƙi, aka ɗan juya shi, gefensa ya goge bango ya kwarzane, sannan ya faɗa ciki.

Marrit ta shafa wurin da ya kwarzane. Ta ce, "Sai a sa miki ƙarfen dafawa a matakala. Wannan kam ba za ki yi min gardama ba."

An sa ƙarfen. Renske tana hawa a hankali, ta huta a tsakiya. Ta saba da ƙarar gada in ana ɗaga ta, da danshin bangon kicin, da tsuntsayen teku masu satar burodi. Zaren yana rataye a jikin makullin kabad. Kowace safiya kuma takan buɗe tagar sama ta goge gishirin da iska ta lafta wa ɗan madubin, a hankali, don kada ya goce daga gada. Sannan ta sauka ta ɗora gahawa.