Tandar Matar Alfred

Na yi shekara biyu a gidan hayar ɗalibai a unguwar Selly Oak ta Birmingham, na ɗauka babu ƙazantar da ta rage ban gani ba. Ashe da sauran kallo.

Ƙanena Usama ne ya taso ni tun daga Birmingham. Yana hayar ɗaki a gidan wani tsohon Bature mai suna Alfred, a Withington ta Manchester. Matar tsohon, Doreen, ta rasu bara, kuma tun daga ranar bai sake zama a tebur ya ci abincin Lahadi ba, wato gasasshen nama da dankali da wani abu wai shi Yorkshire pudding. Shi kuwa Usama, sarkin alkawari, ya ce masa ranar da ta cika shekara zai ci irin na hannunta sak. Ya sayo naman halal, ya nemo takardar da ta rubuta haɗin, sannan ya tuna ko ƙwai bai iya soyawa ba.

"Yaya Maimuna, ki rufa min asiri," in ji shi a waya. "Kamar waina ne fa, just flour da ƙwai da madara. Mutumin nan tun Monday yake maganar."

Na hau coach, doguwar bas, na je. Ina isa na tarar suna shirin tafiya maƙabarta kai furanni. Usama ya nuna min kicin a gurguje, ya ce nama na cikin oven, abin gasa pudding ɗin yana cikin kabad na ƙasa, suka fice.

Na buɗe kabad, na jawo shi. Subhanallahi! Farantin ƙarfe ne mai gurbi goma sha biyu, kamar tanda, amma baƙi ƙirin, maiƙo ya daskare a jikinsa hawa-hawa. Na taɓa, yatsana ya manne. Na kai hanci, wani ƙaurin tsohon mai ya bugo ni. Tir! Mutane da injin wanke kwanoni a gida, su ajiye wannan? Kuma wa ya san kitsen me aka yi ta narkawa a ciki? Ni da ɗan'uwana za mu ci daga nan? Allah ya sawwaƙe.

Na tattare hannun riga. Ruwan zafi, sabulu, soson ƙarfe, inda ya ƙi na sa bakin wuƙa. Ruwan da ke gangarowa kamar na kwata, ina dirza ina tsaki ina kawar da kai. Sai da farcena biyu suka karye. Amma fa ya fito, har ina ganin fuskata a ciki.

Na bi takardar tiryan-tiryan. Na kaɗa ƙullin na bar shi ya huta, na zuba mai a kowane gurbi na sa a oven har ya fara hayaƙi, na tsiyaya ƙullin, na rufe. Sun tashi, ba laifi. Da na zo cirewa ne aka yi ta. Ko ɗaya bai saki ba, sun kama ƙarfen gam. Na sa cokali, saman ya yage, gindin ya zauna daram.

Ina cikin ƙanƙara suka shigo. Usama ya dubi farantin ya dafe kai.

"Yaya! Me kika yi? Shekara arba'in ba a sa masa sabulu ba! Goge shi kawai Doreen take yi. Kuma man sunflower ne zalla, babu kitse, sai da na tambaya."

Na buɗe baki zan ce ƙazanta ƙazanta ce, sai tandar Innarmu ta faɗo min a rai, waccan baƙar da ke jingine a bayan madafa a Fagge. Tsumma da mai kawai take sa mata, kuma duk wanda ya kusance ta da omo sai ya yaba wa aya zaƙinta. Na san wannan tun ina ƙarama. Don na gan shi a kabad ɗin Bature ne kawai na kira shi datti.

Alfred bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗauki farantin, ya shafa gefensa da babban yatsa, ya juya shi yana neman ko ɗigon baƙi ya rage. Ban bar komai ba. Ni ai in na yi wanki, na yi.

"It's very clean," ya ce a hankali.

Ya zauna a tebur don kada Usama ya ji kunya, ya ci yagaggun guda biyu da romon nama, ya yi godiya. Ƙyamar da na shigo da ita ta juyo kaina.

Da zan tafi ya biyo ni bakin ƙofa da leda a hannu, farantin a ciki. Ya ce in tafi da shi, zai yi min amfani, shi bai gane shi ba yanzu. Haka na riƙo shi a cinya har Birmingham, yana ta ƙamshin sabulun lemo.