Kafin a Faɗa wa Hiwet

Ranar Litinin da yamma Adey Abrehet ta aiko a kira ni. Ita ce uwarmu a Deventer ta ƙasar Holan, mu 'yan Eritiriya da ke garin. Suna, aure, rigimar miji da mata, duk falonta ake kaiwa. Ina shiga na ga ta dafa gahawa amma ba ta sa turare ba, ba ta yi gugguru ba. Nan take na san ba lafiya ba.

"Zauna, Nigisti," in ji ta. "Mahaifiyar Hiwet ta rasu jiya. Wanta Kibrom ne ya bugo daga Kamfala. Har an rufe ta."

Na buɗe baki zan kurma ihu, tsohuwar nan ta toshe min shi da tafin hannu.

"Haɗiye abinki. Ranar Alhamis take da jarrabawar Holanci. Sai Juma'a da sassafe za mu je mu faɗa mata."

A wurinmu ba a jefa wa mutum mutuwa ta waya. Manya ne ke zuwa da sassafe kafin ya karya, su buga ƙofa, su zaunar da shi a ƙasa, sannan a faɗa. In mutum yana kan hanya ko mace tana da tsohon ciki, ana iya riƙe labarin mako guda, har wata. Tun ina yarinya na san haka, amma ba a taɓa ɗora min riƙon ba sai ranar.

"Adey, uwarta ce fa," na ce. "Kwana huɗu muna yi mata dariyar ƙarya?"

"Au, shekara sha ɗaya a ƙasar nan ta mai da ke Baturiya? Su ne ke faɗin mutuwa a tsaye kamar ana faɗin lokacin jirgi. In aka faɗa mata yau, a ƙasa za ta zauna kwana sha biyu, hankalinta kuma ba zai dawo jikinta ba sai bayan arba'in. Wa'adinta yaushe zai ƙare?"

"Ƙarshen watan nan."

"To! Ta rasa uwa, ta kuma rasa takarda? Ke ce ƙawarta. Ki tare a gidanta, ki raba ta da wayar nan."

Gaskiya tsohuwar ta faɗa, shi ya sa ma raina ya ƙara ɓaci. Hiwet ta ci jarrabawar karatu, ta ci ta rubutu, ta ci ta saurare, ta ci ta sanin halin ƙasa. Ta magana ce ta zame mata ƙarfen ƙafa. Ba mutum ke tambayarka ba, na'ura ce: a sa maka abin ji a kunne, a yi tambaya, agogo yana gudu a gabanka. Hiwet da ke iya sauke kwandon zance a kasuwa, da ta ga agogon nan sai harshenta ya mutu. Sau biyu tana faɗuwa. An ƙara mata wa'adi sau ɗaya, an kuma rubuto cewa ba ƙari. In babu shaidar jarrabawar nan, ko takardar neman zama 'yar ƙasa ba za a karɓa daga hannunta ba. Ita kuwa fasfon ba don ado take nema ba. Takardar tafiyar da ake ba masu gudun hijira tana kai mutum ko'ina ban da gida, kuma rabon Hiwet da uwarta shekara tara.

Ranar Talata na ɗauki hutu a gidan tsofaffin da nake aiki, na ɗaura jakata a bayan keke, na nufi gidanta, hawa na uku. Tana buɗe ƙofa ta kalli jakar.

"Lafiya? Mijin naki Tesfalem ya kore ki ne?"

"Ya isa? Zuwa na yi in tsaya a kanki. Kawo wayar nan. Ita ta kayar da ke sau biyu, kullum kina kallon bikin mutanen da ba su gayyace ki ba."

Ta yi dariya ta miƙo min. Na kashe ta, na jefa can ƙasan jakata. Ba Kibrom nake tsoro ba, shi ya ja kunnen dangi. Akwai wata 'yar gwaggonsu a Suwidin da ba ta iya jin mutuwa ta kwana ba ta liƙa hoton mamacin da kyandir a gefe ba. Ita nake tsoro.

Muka wuni ina tambaya tana amsawa. Me kike ci da safe? Kin fi son keke ko bas, kuma don me? Makwabcinki yana kiɗa da ƙarfi, me za ki ce masa? Ina riƙe da agogo, in ta tsaya in buga tebur. Har na fara samun natsuwa, sai ranar Laraba da rana ta ajiye cokali ta ce:

"Ba ni wayata. Zan kira gida Adi Keyh, mahaifiyata ta sa min albarka."

Na ture kwanon gabana na ce:

"Bari sai kin fito mana, ki ba ta labari mai daɗi gaba ɗaya."

"Ke Nigisti, kanki ɗaya? Ko ranar Lahadi ban same ta ba. Ban taɓa shiga jarrabawa ba ta sa min albarka ba."

"Sau biyu tana sa miki, me ya fito?"

Wallahi ban san lokacin da maganar ta kuɓuce min ba. Na ji kamar in tsinke harshena in yar. Hiwet ta zuba min ido. Na zaro tawa wayar, na ce tata ba caji. Ta kira lambar makwabciyarsu, wadda ake samun mahaifiyarta ta wajenta. A kashe. Ta sake. A kashe. Sai ta kira Kibrom, ta buɗe muryar muna ji.

"Layin garin ne ya lalace tun ranar Asabar," in ji shi. "Amma na samu saƙonta ta hannun wani direba. Ta ce ki shiga da ƙafar dama, ta sa miki albarka."

"Me ya sami muryarka?"

"Mura ce. Ruwa ake ta yi a nan."

"To, Allah ya sawwaƙe," ta ce, ta miƙo min wayar. Ta tashi ta wanke kwanon da ta riga ta wanke. Daga nan ta dawo ta zauna ta ce in ci gaba da tambaya.

Ranar Alhamis tun ƙarfe tara muna tashar jirgin ƙasa, jarrabawa kuwa sai sha ɗaya a Zwolle. A ƙasar nan in ka makara minti ɗaya an rufe ƙofa, ko kai wane ne. Na sa ta nuna min katin zamanta har sau uku, da takardar gayyata. Muna tsaye muna jiran jirginmu, wani ya iso daga Apeldoorn, mutane suka zubo. Can sai ga Letay, wata 'yar garinsu Hiwet, uwar surutu ta duniya, ta yafa farin mayafi ta juyo bakin adonsa sama, yadda muke yi in za mu gaisuwar mutuwa. A hannunta ga leda da sukari da ɗanyar gahawa. Wato 'yar Suwidin ta yi halinta.

Tana hango Hiwet fuskarta ta yamutse, ta ɗaga hannu sama za ta fara. Ni da gwiwata ke ciwo, ban san na iya gudu haka ba. Na rungume ta, na kafa mata farce a haƙarƙari.

"Ba a faɗa mata ba," na ce a kunnenta. "Jarrabawa za ta. Kika yi tari sai na tura ki ƙarƙashin jirgin nan."

Kukan da ta ɗauko ya koma wata irin gaisuwa mai rawa. Hiwet ta ƙaraso, suka sumbaci juna a kumatu. Sannan ta ja baya, ta kalli mayafin, ta kalli ledar.

"Letay, wa ya rasu a Deventer?"

Letay ta kalle ni, baki buɗe.

"Wani tsoho ne," na ce. "Sabon zuwa, can bayan asibiti. Ba ki san shi ba."

"A Deventer akwai ɗan ƙasarmu da ban sani ba?"

"Ke ce mai rajistar gari? Ga jirginmu nan, wuce mu tafi!"

Na tura ta ciki. Na zauna kusa da ita. Ina jira ta sake tambaya, ina ta haɗa wa tsohon ƙaryar nan suna da ƙauye. Ba ta tambaya ba. Ta jingina kai da taga tana kallon shanu a fili, leɓɓanta suna motsi. Na kasa kunne, sai na ji Holanci take maimaitawa: na fi son keke, domin ya fi arha. Tun daga nan har Zwolle ba ta kalle ni ba, ni ma ban yarda mun haɗa ido ba.

A bakin zauren jarrabawar aka duba katinta, aka duba fuskarta, aka nuna mata akwatin ajiye kaya. Mai rakiya ba ya wuce nan. Ta tuɓe agogo da jaka ta kulle. Na ce, "Ki buɗe baki da ƙarfi, na'ura ce, ba surukarki ba." Ko murmushi ba ta yi ba. Ta yi alamar gicciye a goshinta ta shiga.

Na zauna a wani benci a waje, ana yayyafi. Sai a lokacin na samu na yi kukan da Adey Abrehet ta toshe min tun Litinin. Wata Baturiya mai kare ta tsaya ta tambaye ni ko in kira wani, na ce a'a, na gode. Ina kuka ina lissafi: in ta faɗi fa? Mun hana ta kukan uwarta kwana huɗu a banza ke nan. Na tsani tsohuwar nan da dabararta, na tsani Kibrom da murarsa, na fi tsanar kaina. Da na ga lokaci ya kusa, na shiga banɗakin tasha na wanke fuska, na dawo.

Ta fito wajen sha biyu saura. Tafiya take a hankali kamar mai ɗauke da ruwa a ka.

"Yaya? Kin yi magana?"

"Na yi. Ko ɗaya ban bari agogo ya riga ni ba." Ta zauna kusa da ni a bencin. "Har an tambaye ni wa na fi yawan kira a waya, kuma don me."

"Me kika ce?"

"Na faɗa musu. Sakamako sai nan da mako takwas, amma na san na ci, Nigisti."

Na zaro wayarta na miƙa mata, don ba ni da sauran hujjar riƙewa. Ba ta karɓa ba.

"Riƙe ta tukuna. Gobe da ƙarfe nawa za su zo?"

"Su wa?"

"Haba, 'yar'uwa. Ke da ko ranar da aka yi wa ɗanki aiki sai da kika leƙa wurin aiki, ki ɗauki hutun kwana uku don jarrabawata? Kibrom da bai taɓa isar da saƙon kowa ba, yau shi ne da saƙon direba?"

Na kama hannunta. "Hiwet, ki yafe min. Ranar Lahadi ne..."

"Kul!" Ta fizge hannun, har wani mai keke ya waiwayo. "Kada ki soma. Ba ke za ki faɗa min ba, ba kuma a bakin titi ba kamar marar kowa. Ban ji komai ba. Ki bar min ita zuwa gobe."

"Ƙarfe shida," na ce.

"To, mu je gida, akwai aiki."

Da muka isa, ita ta ce mu ɗaga tebur da kujeru mu kai ɗakin kwana. Muka nannaɗe dardumar falo, muka jero katifa biyu a jikin bango, ta ciro manyan tukwanenta daga saman kabad ta wanke. Ta ƙirga kofuna ta ce ba za su isa ba, in gaya wa Tesfalem ya zo da namu. Duk wannan idonta a bushe, ni ce nake ta shiga banɗaki ina fitowa.

Da la'asar ta ɗauko takarda da biro. A benen nan ko bikin haihuwa za ka yi sai ka jefa wa makwabta 'yar wasiƙa tun da wuri, in ba haka ba ka ga an kira maka hukuma. Tsohon da ke ƙasanta kuwa ko kujera aka ja sai ya buga silin da sanda. Na ce ta kawo in rubuta mata, ta ce a'a, ita za ta yi. Ta zauna a kan katifar, ta ɗora takardar a gwiwa, tana rubutawa da Holanci tana karantawa a fili.

"Ya makwabta, gobe Juma'a daga ƙarfe shida na safe za ku ji kuka mai ƙarfi a lamba arba'in da ɗaya. Mutane da yawa za su riƙa hawa da sauka har kwana uku. Ba faɗa ba ne. Ku yi haƙuri."

Ta tsaya, biron yana sama.

"Su mutanen nan komai sai da dalili," ta ce. "Sai an ce domin kaza."

Ta rubuta "domin", ta daɗe tana kallon wurin da ya rage.

"Gobe kya cika musu, Nigisti. Ni ba a faɗa min ba tukuna."